Irin da Farfesa Ya Miƙo Ta Taga

"Ba zai fita ba, Malama. Na faɗa miki jiya, na faɗa miki shekaranjiya. Ko da jirgi kuka zo ɗaukarsa, ba zai fita ba."

Safinatu ce take maganar, ta tokare ƙofar gidansu da hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da kofin da ta gama ba mahaifinta kunu. Ni kuwa ina kan dakalin ƙofata ina tsince wake, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, kunnena ya fi hannuna aiki.

Wadda ake wa faɗan ita ce Malama Phebe, mai koyar da aikin gona a sakandaren 'yan mata da ke bayan unguwarmu ta Moduganari. Ta ce, "'Yar'uwa, rabin awa kawai. Farfesoshi huɗu za su zo ranar Alhamis, kowa ya nuna wa yara abin da ya bincika. Shi da kansa ya rubuta sunansa tun bara."

"Ai bara yana da ƙafa, yana da baki. Ni nas ce, na san abin da hawan jininsa yake yi. In ya faɗi a gaban yaranku, ku za ku ɗauke shi?"

Ta ja ƙofa. Malama ta tsaya tana kallon ƙyauren kamar zai sake shawara.

Bari in gaya muku ko wane ne Farfesa Tahir. Shekara talatin da biyu bango ɗaya ne tsakaninmu. Mutane suna cewa babban masani ne a jami'a, ni dai abin da na sani shi ne mutum ne da ya ƙare rayuwarsa a kan masakwa, dawar nan tamu ta rani da ake dasawa a baƙar ƙasar firgi bayan ruwa ya janye. Ƙauye-ƙauye ya bi, daga Dikwa zuwa Marte zuwa Ngala, yana roƙon tsofaffi ɗan iri. Kowanne ya gauraya shi da toka, ya zuba a gwangwanin madara, ya liƙa takarda. Da hanyoyin can suka rufe, mutane suka watse, sai ya zamana wasu irin babu su ko'ina a duniya sai a ɗakinsa. Duk shekara biyu yakan shuka su a wata gona a Khaddamari ya sabunta, don iri ma yana tsufa ya mutu kamar mutum.

Sai ambaliyar nan ta zo. Mu goma sha tara muka kwana uku a saman rufin simintin gidansa. Kafin ya ɗauki ko takardar shaidarsa, gwangwanayen ya fara kwashewa. Littattafansa suka zama tuwo, kwamfutarsa ta mutu, takardun jikin gwangwanayen suka saɓule. Mako biyu bayan nan ɓarin jikinsa ya shanye. Turancin duk ya gudu ya bar shi, Hausar ma ta karye, sai Kanurin uwarsa ya rage, shi ma a karkace. Safinatu kuwa a makarantun kwana ta tashi, Kanurinta bai wuce na gaisuwa ba. Ni da na fito daga gefen Marte, ni kaɗai nake gane shi.

Shekara guda ke nan yana ɗaki ɗaya. Gado, kujera, taga mai sandunan ƙarfe. Tagar kuwa tsakar gidana take kallo, don bangon da ruwa ya rushe har yau ba mu tayar ba.

Da la'asar na leƙa. "Wushe, Ba Tahir. Yaya jikin?"

Bai amsa gaisuwar ba. Ya nuna sama da hannunsa mai rai. "Ruwa ya kusa ɗaukewa, Ya Kellu."

"Na gani."

"Wannan ce shekara ta uku. In ba a yafa irin nan bana ba, shi ke nan."

"Allah zai kawo yadda za a yi."

"Allah ya kawo," in ji shi. "Ga yaran makaranta suna jira. An rufe ƙofa." Sai ya juyar da ido kan gwangwanayen da ke jere a ƙarƙashin tebur. "Ashirin da biyu. Ashirin da uku na hau da su."

Na sunkuyar da kai na ce bari in duba tukunya. Kullum sai ya yi wannan maganar, kullum sai na tuna da tukunya.

Safinatu ba muguwa ba ce, kada ku ɗauka haka. Ita kaɗai ce a kansa. Yayanta yana ƙasar waje, ba abin da ya iya sai waya da ba da umarni. Ranar Alhamis da safe, da za ta tafi aiki, ta kawo mini makulli kamar kullum. Idonta ya yi ja.

"Ya Kellu, ki yi mini alkawari. Ba mai fitar da shi, ba mai shiga ta ƙofar nan sai ke."

"Na yi miki, 'yata. Ba mai fita, ba mai shiga."

Kuma na cika. Sai dai ba ta ce komai a kan taga ba. Tana fita na aika wa Malama saƙo.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, bayan sauran farfesoshin sun gama nasu a makaranta, Malama Phebe ta iso da 'yan mata ashirin da biyar. Suka cika mini tsakar gida, wasu a tabarma, wasu a kan turmi, ɗaya har a bakin murhu. Akuyata ta rasa inda za ta sa kanta. Na shiga ni kaɗai na tura kujerarsa jikin taga, na jera masa gwangwanayen inda hannunsa zai kai, na sa masa hula, na zagayo.

Da yaran suka ga fuskarsa a bayan ƙarfe, baki a karkace, sai suka fara kallon juna. Wata ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wannan ne farfesan? Su wancan da majigi suka zo."

"Ke!" in ji Malama.

Ya yi magana, na juya musu da Hausa. "Ya ce majiginsa ruwa ya cinye, amma nasa binciken ana iya tauna shi."

Suka fashe da dariya, shi ma kafaɗarsa ɗaya ta girgiza.

Ya tsoma hannu a gwangwani na farko, ya murza ƙwayar tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya ce, "Gulumba. Fara. Tsuntsu yana sonta, a dasa ta a tsakiyar gona." Na faɗa, suka rubuta. Na biyu: "Ngala. Ja, mai ɗaci, ƙwari ba sa taɓa ta." Haka muka yi ta yi. Malama tana rubuta sabuwar takarda, shi yana miƙo gwangwani ta tsakanin ƙarfe, yarinya ɗaya tana karɓa da hannu biyu.

Wata doguwa mai suna Nasiha, wadda babanta yake noma a Khaddamari, ta ɗaga hannu. "Kaka, tambaye shi, sau nawa ake ba ta ruwa?"

Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Sau ɗaya a mako?"

Wannan ban jira shi ba, don ina 'yar shekara tara na fara bin bayan babana da tulu. Na ce, "Sau ɗaya a rayuwarta, yarinya. A huda ƙasa da sanda mai tsini, a zuba ruwa kofi ɗaya, a sa dashe biyu, a tafi. Ba a ma rufe ramin. Ba za ta ƙara ganin ruwa ba har a girbe ta."

"To me take sha?"

Ya yi dogon bayani, yawu yana zubo masa. Na ce, "Ya ce ƙasar tana bushewa daga sama tana tsagewa, ruwan yana gudu ƙasa, saiwar tana binsa. Tana tsaye wuri ɗaya, amma tafiya take yi. Shekara ashirin yana auna wannan tafiyar."

A nan ne na hango Safinatu. Ta dawo ɗaukar wani abu da ta manta, ta ji hayaniya, ta shigo ta zaurena. Tana tsaye da fararen kayan aikinta. Na ce yau na shiga uku. Ta buɗe baki, sai ta ji muryarsa tana ci gaba. A shekara guda ba ta ji ya haɗa magana uku a jere ba. Ta jingina da bango tana saurare.

Gwangwani na ashirin da biyu ya fita. Hannunsa ya koma yana lalube a wurin da babu komai.

"Me yake cewa, Mama?" in ji Malama.

"Ya ce saura ɗaya. Rawaya, ta ƙauyen mahaifiyarsa, can bayan Marte, inda yanzu ko kaza babu. Ya ce ruwa ya tafi da ita."

Na faɗa da bakina, na ji bakin ya yi mini ɗaci. Na tashi na shiga ɗaki, na buɗe kwallata ta can ƙasa, na ciro wani tsumma a ƙulle. Na zo gaban tagar, na yi masa magana da Kanuri, amma da ƙarfi, don na gaji da ɓoyo.

"Ba Tahir, ba ruwa ba ne. Ni ce. Rana ta biyu a saman rufi, ka tafi neman kwalekwale, yara suna ta kukan yunwa. Na ɗauki gwangwani ɗaya, na wanke tokar, na murƙushe da kwalba, na dama musu. Na ji kunyar faɗa maka. Shekara guda ina jin kana ƙirga su."

Ya dube ni, ya daɗe.

"Sai dai uwata ta hana ni cinye hatsi har gindin tukunya. Ko yunwa za ta kashe ka, ka bar tafi ɗaya. Ga shi."

Na tura ƙullin ta tsakanin ƙarfe. Ya kwance da haƙori, ya murza, ya kai hanci. Idonsa ya cika.

"Ya yi daɗi?" ya ce.

"Me?"

"Kunun."

"Ba sukari, amma sun shanye tas."

"To ai don haka na tara shi." Sannan ya ƙara, "Tsohuwar banza. Shekara guda kina cewa tukunya."

Nasiha ta miƙa hannu za ta karɓa, ya girgiza kai. Ya nuna can bakin zaure. Ashe ya ga 'yarsa tun ɗazu. Safinatu ta ratso tsakanin yaran, ta tara tafin hannunta a ƙasan ƙarfen, ya zazzage mata.

"Baba, ni ban iya ba," ta ce.

Da Hausarsa karyayya ya ce, "Yara. Koya miki."

Nasiha ta kawo baƙar ƙasa cike da bokiti biyu daga gonar babanta. Aka yafa sauran a gonar makaranta, rawayar kuma muka yafa a tsohon daro a ƙasan tagarsa. Ƙwaya tara suka tsiro. Ya gan su, don kullum da safe sai an tura masa kujera. Kwana goma sha shida bayan darasin, bayan sallar azahar, ya ce a kwantar da shi, ya gaji. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

'Yan jami'a sun zo ta'aziyya da motoci har suka toshe layi. Yaran ma sun zo da kayan makaranta, suka zauna a tsakar gidana, don nan suka sani. Bayan sadakar uku aka rufe tagar.

Da dashen ya isa, Nasiha ta zo ta nuna wa Safinatu yadda ake huda rami. Bibbiyu a kowane bokiti, sauran ta tafi da su Khaddamari. Kofi ɗaya, aka bar su a ƙasan tagar.

Bayan mako biyu na fito da safe na tarar da Safinatu a tsugune gaban bokitan, da kofin kunun nan nasa cike da ruwa. Ƙasar ta tsattsage har yatsa zai shiga, ganyen ya ɗan lanƙwashe.

"Ya Kellu, za su mutu. Kaɗan kawai."

"A'a, 'yata. Bar su."

Ta daɗe riƙe da kofin. Daga baya ta ajiye shi a bakin taga, ta zagaya cikin gida. Ina nan tsaye na ji ƙarar sakata, tagar ta buɗe. Kujerar tana inda muka bar ta, tana fuskantar dashen nan huɗu.