Garga da Hayaƙin Layya

Bintu tana durƙushe tana cusa jiƙaƙƙun tsummoki a ƙasan ƙofa, sai yayanta Garga ya ce daga ciki, "Sun kunna wuta?"

"Ba su kunna ba, Yaya."

Ƙarya take yi. Ranar Layya ce, kuma duk wanda ya san Briqueterie ya san ko ba Sallah ba hayaƙin tsire bai taɓa barin unguwar nan ba, balle yau da kowane gida ke babbake kan rago.

Shekara biyu ke nan da Garga ya zo daga Kolofata. Bam ya tashi a kasuwarsu, shi da wasu suka kwashe ƙonannun gawarwakin mutane da hannu. Tun daga nan bai ƙara cin nama ba. In ƙauri ya shiga hancinsa, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ya dinga kiran sunayen da ba wanda ya sani a nan. Bara Bintu ta kai shi gidan wata ƙawarta a unguwar Messa ya wuni. Bana har taksi ya zo ƙofa, Garga ya leƙo ya ga cincirindon masu tafiya Idi, ya koma ɗaki ya danna sakata.

A tsakar gida maƙwabciyarsu Jaratu ta riga ta ɗora kai da ƙafafun ragonta a wuta. Jaratu kuwa, Allah na gani, bakinta ya fi wutarta zafi.

"Pardon, Inna Jaratu, don Allah ki kai wutar nan waje," in ji Bintu.

"Waje ina? A kan titi? Namiji da gemu, ƙauri zai kashe shi? Ki ba shi romo ya warke."

Hayaƙin bai bi ta ƙofa ba. Ta ƙarƙashin kwanon rufi ya shiga, inda hannun Bintu ba ya kaiwa.

"Bintu!" Muryar ba irin tasa ba ce. "Kawo tabarma a rufe su. Ga Alim nan, ga ƙafarsa."

"Rago ne, Yaya! Wallahi rago ne! Buɗe mini!"

Ta ji numfashinsa yana fita da gurnani. Ta dinga dukan ƙofa har tafinta ya yi ja. Sai gurnanin ya tsaya, kuma shirun ya fi shi ban tsoro. Jaratu da kanta ta sheƙa wa wutar bokitin ruwa, ta fita ba mayafi tana kiran maza.

Baballe mahauci ne ya ɓalle ƙofar. Suka same shi a lungun bayan gado, a zaune, ya danne hancinsa da hula da hannu biyu. Ya riga ya cika; likita ya ce zuciya ce.

Bayan la'asar aka fito da makara. Baballe ya miƙa hannu zai ɗauka, ya dubi rigarsa mai jini da maiƙo, ya janye. Ya ce a jira shi. Mutane suka tsaya a lungu har ya dawo da farar riga, hannuwansa na ɗigar ruwan sabulu.