Shirun Inna Kubra

A ƙarshen sashen maza na asibitin akwai wani ɗan ɗaki da aka toshe tagoginsa da barguna. Nan aka kwantar da Datti, bakanike daga Titin Bauchi a Jos, a daminar da soja ke shirin miƙa mulki. Ƙusa mai tsatsa ya taka, ya shafa wa wurin baƙin mai ya ci gaba da aikinsa, wai shi namiji. Sai tetanas ta kama shi, ciwon nan da ke kulle wa mutum haƙora. Ko cokali ne ya faɗi kusa da shi, sai jikinsa ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, numfashi ya tsaya.

Sista Ana Dantong aka ɗora wa jinyarsa. Ita ke yi masa allura, ita ke ɗura masa koko ta robar hanci, ita ke juya shi a hankali kada kwanciya ta ci masa baya. Amma babban aikinta gadin shiru ne. Takalminta ma a bakin ƙofa take barinsa, ta shiga da safa. Tun tana ɗaliba ta ga wannan ciwo ya ɗauke mutum don kawai an bugo ƙofa, shi ya sa tsoro bai taɓa barin cikinta ba.

To, ka san mutanenmu da dubiya. Ran Lahadi sai ga rabin unguwarsu Nasarawa Gwom a baranda, da kwanukan tuwo, da sallama, da ina mai jikin. A gabansu Inna Kubra ce, uwar Datti, mai waina, wadda in ta kira ciniki a bakin kasuwa har na cikin masallaci sai ya ji. Sista ta tare ƙofa da jikinta. Aka ce ta cika iyayi, aka ce farar riga ce ke ruɗarta, wani dattijo ma ya tambaye ta ko ita ta haife shi. Ta haɗiye duka. Ta ja tsohuwar gefe, ta fahimtar da ita cewa gaisuwa ɗaya tana iya kashe ɗanta.

"Inna, zan shigar da ke, ke kaɗai. Amma ba magana, ba kuka. Kin yarda?"

Tsohuwar ta zare awarwaronta ta ƙulle a bakin zane. Tun daga ranar take zaune a kusurwa kan tabarma, tana jan carbi ba a jin motsinsa. Matar da ko tuwo ba ta iya ci sai da surutu! In tari ya taso mata, sai ta fita da sanɗa ta yi shi can bayan famfo.

Har an fara sa rai. Sai wata rana bayan azahar hadari ya taso daga wajen Kuru, baƙi ƙirin. Sista ta leƙa waje ta gan shi. Mutane dai ta iya korarsu, amma wa zai kori ruwan Jos? Ga rufin na kwano, ga likita yana ɗakin tiyata. Ta aika a gaya masa, ta tura wa Datti auduga a kunne, ta zuƙi allura ta riƙe.

Ba ruwa ne ya fara sauka ba, ƙanƙara ce, kamar ana juye tsakuwa a kan rufin. Datti ya banƙare, ƙeya da diddige kaɗai ke taɓa katifa. Sista ta soka masa allurar, ta zuƙe majinar da ke toshe masa maƙogwaro, tana kiran sunan Yesu a zuci. Jikin ya ɗan saki. Tsawa ta faɗi, ya sake sandarewa, wannan karon bai saki ba. Sista ta waiga ta ga Inna a tsaye, ta cusa mayafinta a baki ta cije, hawaye na zuba, amma ko nishi babu.

Kafin likita ya iso a jiƙe, leɓɓan Datti sun yi baƙi. Ya saurari ƙirjin, ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

Ruwa ya tsagaita. Sista ta shafe wa Datti ido, ta ja zane ta rufe shi, ta rasa yadda za ta dubi tsohuwar. Sai ta ji an taɓa mata hannu. Inna ta zare mayafin daga baki, ta matso dab da kunnenta, ta yi raɗa.

"'Yar nan, yanzu zan iya yin kuka?"