Wa Zai Share Hanya?

Tun da kaka ta kama, hankalin Kirsten Vollan bai kwanta ba. Ɗanta Tobias ɗan shekara uku ne, fuka gare shi. Gidansu yana can ƙarshen hanyar burji, inda dusar ƙanƙara kan taru har ƙugu, mijinta kuma yana aikin rijiyoyin mai, sai ya yi makonni bai leƙo ba.

A ƙaramar hukumarsu akwai wani tsari da ba wanda ya taɓa rubutawa. Idan aka buga 911, lambar neman agajin gaggawa, lokacin sanyi, Dolores mai ɗaukar kira ba motar asibiti kaɗai take tayarwa ba. Takan kira manomin da ya fi kusa, ya fito da tarakta ya share hanya. Bara, da numfashin Tobias ya sarƙe, maƙwabcinsu Baba Arvid ne ya shiga gaba, motar na biye da shi.

Yanzu majalisa na so ta rufe ofishin su Dolores, a mayar da kira wata babbar cibiya a birni.

Ranar zaman, zauren ya cika da manoma, ko'ina ƙamshin gahawa da warin jiƙaƙƙun riguna. Kirsten ta zauna gaba, Tobias a cinyarta.

"Jama'a, ba mugunta ba ce," in ji ciyaman, Duane Pfeifer. "Aljihun hukuma ya huje, mun nemi ma'aikata ba mai so. Na'urorin nan kuwa sun girmi Dolores."

"Kiyaye ni, Duane!" Dolores ta ɗaga murya daga baya. "Ni na yi renonka, da majinarka da komai."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

Kirsten ta miƙe. "Ranka ya daɗe, tambayata ɗaya ce. In na kira birni, wa zai kira Baba Arvid?"

Matar da cibiyar ta turo ta amsa a hankali, ba ta ɓoye komai ba. "Ba a yarda mu tura wanda ba ma'aikaci ba. In taraktarsa ta kife, wa zai ɗauki alhaki? Masu gyaran hanya za mu sanar."

"Motocinsu biyu ne," in ji Kirsten, "kuma da babban titi suke farawa. Mu sai la'asar."

Ba wanda ya ce mata ƙarya ne. Ciyaman ya sunkuyar da kai yana juya biro. Da aka zo ƙuri'ar rufe ofishin, hannun kansila ɗaya ne kawai bai tashi ba.

A waje sama ta yi duhu, iska ta tsaya cik. Kirsten ta tari Baba Arvid yana ƙoƙarin buɗe motarsa.

"Baba, shi ke nan, ni zan riƙa kiranka da kaina."

Tsohon ya daɗe yana laluben ramin makulli. "'Yata, ban so ki ji yau ba. Idon nan ya ƙi. Ɗiyata Ingrid ta matsa in koma wurinta Arizona, can inda ake zafi, kafin Kirsimeti. Wai in je in gasu kamar ƙadangare."

"Taraktar fa?"

"Gwanjo."

"Kar ka sayar tukuna. Ka koya mini. Gobe da safe ina nan."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya ɗan murmusa. "Za ki iya. Taurin kan uwarki kika ɗauko." Sai murmushin ya gushe, ya nuna Tobias da haɓa. "Amma in kina kan tarakta kina share hanya, wa ke riƙe da yaron?"

Kirsten ta gyara riƙon yaron a hannunta. Wani farin abu ya sauko a hankali, ya sauka a hular Tobias, wani ya biyo shi. Yaron ya miƙa hannu zai cafke, yana dariya, dariyar ta juye tari. Ta manna kunnenta a ƙirjinsa, tana saurare.