Gicciyen Peni

Tun kafin rana ta fito suka zauna a kan ciyawar ƙofar gidan yayata Sinalei, uba da ɗa, an lulluɓe su da lallausar tabarmar nan ta gado da ba a fito da ita sai magana ta kai magana. Danginsu sun jeru a baya, kawuna a sunkuye. Ifoga ke nan: wanda ya yi wa wani gida ɓarna zai zo ya zauna ƙarƙashin tabarma, ba ci ba sha, har masu gida su yaye ta, ko su bar shi a nan. Daga tsibirin Samoa iyayenmu suka taho da ita, ga ta yau a garin Logan na ƙasar da muka yi ƙaura, a gefen kwandon shara, maƙwabta suna leƙe ta taga.

Lameko ne a ƙarƙashin tabarmar, shi da mahaifinsa. Tare suka taso da Peni, ɗan Yaya tilo, tare suke kiɗa a coci. Ranar Juma'a suka jera motocinsu a titin bayan rumbunan kaya, inda samari suke tsere. Motar Lameko ta gogi ta Peni, ta Peni ta rungumi turken lantarki. Peni bai ɗaura bel ba, a asibiti ya cika.

Mijin Yaya ya daɗe da rasuwa, don haka dangi suka bar mata maganar. In ta yaye tabarmar an zama ɗaya. In ta ƙi, samarin gidanmu suna gareji suna huci, kuma na san abin da suka ɓoye a bayan firiji.

* * *

Hantsi ya yi, zafin Janairu, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara, ya fara dukan rufi. Yaya tana kicin tana feren gwaza kamar babu kowa a waje.

"Yaya," na ce, "tsohon nan fa yana da ciwon sukari."

"Ni na kira shi?"

Fasto Eteuati, wanda tun safe yake zaune a kujera da Littafi a cinya, ya gyara murya. "'Yar'uwa, Ubangiji ya ce a yafe, ba sau bakwai ba..."

"Na san ayar, Fasto. Ni nake koya wa yara ita ran Lahadi." Ta ajiye wuƙar. "Wa ya ɗora hannu a kan motar nan ya yi mata addu'a ranar da Peni ya sayo ta? Duk Juma'a daga ɗakin addu'a ana jin ƙararsu. Dattawa su yi dariya, wai yaranmu ne, gara wannan da ƙwaya. To, ga gara nan an kawo mini a akwati."

Fasto ya rufe Littafin. Ya ba ni tausayi, amma ba sosai ba, domin ko kalma ɗaya Yaya ba ta ƙara a kan gaskiya ba.

Sai da rana ta take sannan Yaya ta wanke hannu, ta ɗaura baƙin zane, ta fita. Ta daɗe a tsaye a kansu, har na fara jin ƙofar gareji tana motsi. Sannan ta sunkuya ta kama gefen tabarmar ta yaye.

Sharkaf suke da gumi. Tsohon ya kasa miƙewa. Lameko ya kife fuska a ƙafafunta.

"Mama, ki kashe ni kawai."

"Rufe mini baki. In kashe ka, wa zai ɗauki ɗan'uwanka zuwa kabari?" Ta ɗago haɓarsa. "Ka saurara. Hannuna ne ya yaye, saboda Yesu. Zuciyata ba ta iso ba tukuna, tana hanya. Tashi ka ba babanka ruwa."

A nan na yi kukan da na kasa yi a asibiti.

* * *

Bayan jana'iza Lameko ya sassaƙa farin gicciye, ya rubuta sunan Peni, ya kafa shi a gindin sabon turken. Ya sayar da motarsa, yana jiran kotu. Duk Lahadi in an tashi daga coci nakan kai Yaya wurin da furanni, shi kuma ya bi mu ya cire ciyawa.

Wata Lahadi muka tarar da titin ya yi baƙi ƙirin da sawun taya. Layi biyu ne a jere, sun taho tun daga kwana, sun ƙare daidai gaban gicciyen. An jingina masa gwangwanayen giya. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa. Waɗannan yaran fetur suka shafa.

"Mene ne wannan?" Yaya ta tambaya.

Lameko ya dubi ƙasa. "Mama, na hana su, ba su ji ba. Wai girmama shi suke yi."

"Da me?"

"Nan ne ƙarshen tseren yanzu. Da dare farin yana haskawa, ana hango shi daga nesa." Ya nuna kwanar da hannu. "Cewa suke, daga kwana zuwa Peni."

Yaya ta miƙo mini furannin. Ta kama gicciyen da hannu biyu, ta jijjiga shi gaba da baya har ƙasa ta sake shi. Lameko ya miƙa hannu zai taimaka, ta girgiza kai. Ita kaɗai ta ɗauke shi zuwa mota, ƙasa tana zuba a kan fararen kayanta na coci.

But ɗin motata cike yake da kujerun makoki da ba mu mayar ba, sai ta tsayar da shi a kujerar baya. Ina tayar da mota ya karkata ya bugi gilashi.

"Tsaya," ta ce.

Ta fita, ta buɗe ƙofar baya, ta gyara masa zama. Sannan ta jawo bel ta ɗaura masa.