Tsumman Baba

Ƙudaje sun yi dafifi a gefen idon Gwaggo kamar an barbaɗa musu suga. Gwaggo saniya ce, mafi tsufa a rumfar tatsa. Baba ne ya laƙaba mata sunan saboda yadda take harararsa in ya makara. Yau babu harara. Idonta na hagu a runtse yake, hawaye ya yi hanya a kumatunta har gashin wurin ya daskare.

"Haba Gwaggo, wa ya mutu?" in ji Baba.

Ya zaro tsumma daga kafaɗarsa, ya tsoma a ruwan ɗumi mai gishiri, ya goge mata a hankali. Ya matsa ga ta kusa da ita, ya goge. Haka har ƙarshen layi, shanu sittin.

Tsumman guntun zanen Innata ne. Tun rasuwarta Baba ya rage magana da mutane. Hirarsa ta koma ta shanu, tawa ta koma ta littattafai. Ɗakinmu a jikin rumfar yake, na gonar ne, mai tatsa ake bai wa. Ta taga ana hango tulin kashin shanu da ya fi ni tsawo. Sau uku Baba na roƙon manaja a kwashe shi.

"Ƙuda ne zai cinye saniya, tsoho?" manaja ya ce. "To ka ɗaura musu gidan sauro mana."

* * *

Wata Talata likitar dabbobi ta zo. Zagayen gonaki take yi, tana ƙirga shanun da ke da ciwon ido. Baba ya tafi kai madara, sai ni kaɗai a bakin ƙofa da littafi a hannu. Ta bi layi tana buɗe idanu da safar hannu, ta samu ashirin da uku. Ta daɗe tana kallon tulin kashin, sannan ta juyo gare ni.

"'Yar boko, me ake karantawa haka?"

Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Bakina da ya saba rufewa ya buɗe kamar famfon da ya lalace.

"Wa ke kula da idanunsu?" ta tambaya daga baya.

"Babana. Kullum da safe sai ya goge wa kowacce, ko ɗaya ba ya tsallakewa."

"Da me?"

"Da tsummansa."

"Tsumma ɗaya?"

"Ɗaya tak," na ce, har da ɗaga kai.

Ta rubuta. Ta dafa kafaɗata. "Ki gaya masa ya daina, ƙanwata. Tsumman na kwasar cutar daga wannan ido ya kai wa wancan."

Ban gaya masa ba. Na shirya maganar a bakina sau goma. Amma duk safiya sai in ga yadda yake wanke tsumman, ya shanya, ya ninke shi huɗu, sai maganar ta koma ciki. Kwana tara ina kallonsa yana bin layi.

* * *

Ranar da rahoton likita ya iso, mai gona da kansa ya zo. Bai shiga rumfar ba, saboda takalminsa. Manaja ya yi masa bayani ta gilashin mota, sannan ya nufo mu yana kaɗa takarda.

"Likitan ido! Ashe kai ne annobar. Zuwa Juma'a ka ba mu ɗakinmu."

Ya cusa wa Baba takardar a hannu. Baba ya miƙo mini, don shi bai yi makaranta ba.

Dalilai shida ne a jere. Ƙudajen da tulin kashi ke haifarwa. Cunkoso a rumfa. Ƙurar abinci. Rashin inuwa a fili. Sababbin shanun da aka sayo aka haɗa da garke ba tare da an ware su ba. Na shida, can ƙasa, shi kaɗai aka ja wa layi da jan biro.

Na karanta biyar ɗin farko da ƙarfi, don mai gona ya ji. Gilashin ya riga ya rufe.

"Na ƙarshen fa, uwata?" Baba ya ce.

Na karanta masa maganar tsumman.

"Sake."

Na sake. Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Bai tambayi wanda ya gaya wa likita ba.

* * *

Ranar Juma'a kayanmu suka shige buhu biyu, ɗaya duk littattafai. Baba ya ce in jira shi, ya shiga rumfar. Na bi shi daga nesa.

Hakiya ta rufe idanun Gwaggo duka biyu, fari fat. Da ta ji takunsa ta juyo da kai, ta miƙo fuska kamar kullum. Hannun Baba ya tafi kafaɗarsa da kansa, ya taɓa tsumman, ya tsaya a can.

"Yi haƙuri, Gwaggo," ya ce.

Ya rataye shi a kan shinge. Muna fita na waiwaya. Tulin kashin na nan inda yake. Gwaggo ma na nan da fuskarta a miƙe, tana jira.