Zani a Ƙarƙashin Kwat

A duk masu tebur na titin 125th, Tamimu ne kaɗai ba ya sunkuyawa. In hula ta faɗi ƙasa, durƙusawa yake yi a hankali, bayansa a miƙe, hannu ɗaya na tallafe da wani tudu a ƙarƙashin kwat ɗinsa. Tudun nan ɗansa ne, Haisam.

"Maijego, an tashi lafiya?" in ji Kadri, mutumin Kumasi da ke sayar da turare a gefensa. "Yau ma ba a damo mana kunun kanwa ba?"

"Nemi mata tukuna, sannan ka nemi kunu," in ji Tamimu, yana jera huluna da safar hannu.

Ba da son ransa ya zama abin kallo ba. Hutun haihuwar matarsa Habsatou ne ya ƙare, ta koma aikinta na kula da wata tsohuwa a Bronx. Sun zaga gidajen reno, ko'ina kuɗin mako ya kusa haɗiye albashinta. Mai yi musu aikin haraji ya ce su kwantar da hankali, gwamnati na mayar wa iyaye wani abu, amma sai bayan sanyi.

"To kafin nan fa? A ajiye yaron a firiji?" Tamimu ya tambaye shi. Mutumin bai yi dariya ba.

Habsatou ce ta koya masa goyo, da matashin kai aka fara. Zanin ya yi ta zamewa.

"Baban yaro, matsalarka ba ka da abin da zai riƙe shi a ƙirji," ta ce, tana dariya har da hawaye. Ta ƙara masa majanyi, ta ja ta ƙulle tam.

Cikin 'yan makonni ya san yaron ta baya fiye da ta fuska. Ya san nauyin barcinsa, ya san ɗan naushin da ke nufin yunwa, ya san ɗumin da ke nufin a ruga bayan gida a shagon wani ɗan Dosso. Sai sanyi ya sauka da gaske. Haisam ya fara tari, tarin ya koma ƙirji. Da likita ta tambayi inda yaron ke wuni, Tamimu da Habsatou suka kalli ƙasa.

Ran Lahadi Habsatou ta ajiye masa abinci, ba ta zauna ba.

"Hajiya Adjara za ta tafi gida. Ta saba kai 'ya'yan mutane. Innarka ta ce a kawo mata shi Maraɗi."

"Ba inda za shi."

"To ka bar tebur."

"Mu ci me?"

"To ni in bar aiki."

"Haya fa?"

Shi ma ya ji amsoshinsa da kunnensa.

"Na bar uwata, na bar garinmu," ya ce. "Yanzu ɗana ma sai ta waya?"

"Ni da nonona ke zuba ina wanke tsohuwar wasu, ni na ce a kai shi. Ka ɗauka daɗi ne ya ishe ni?"

A filin jirgi, da aka kwance zanin aka miƙa wa Hajiya yaron, iska ta bugi inda gumin goyo ya jiƙa masa riga. Sanyin wurin nan bai bar shi ba har gida.

Da dusar ƙanƙara ta narke, kuɗin gwamnati suka zo kamar yadda aka faɗa.

"Kuɗin reno sun shigo," in ji Habsatou.

"Aika wa Inna. Ita ce mai reno."

Suka kira Maraɗi. Yaron na goye, Inna ta juya wa wayar baya don su gan shi da kyau. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, tari ya tafi. Habsatou ta yi ta tafa hannu tana masa wasa. Tamimu ya kira sunansa, ya sake kira. Yaron ya kalli wayar kamar yadda ake kallon baƙo, ya cusa fuska a bayan kakarsa.

"Ki ɗan ɗaga shi sama, Inna," in ji Tamimu. "Ba ya son ƙulli a cinya."

"Ni za ka koya wa goyo? Wa ya goya ka?"

Washegari rana ta fito, jama'a sun ajiye manyan riguna, amma shi yana cikin kwat ɗinsa. Kadri ya hango bakin zani na leƙowa ta ƙasa.

"Alhaji, wannan fa?"

"Ciwon baya. In na ɗaure ya fi sauƙi."

Kadri ya koma goge kwalaben turarensa.

Wata mata ta ɗaga hula, wata hular ta zame ta faɗi. Tamimu ya durƙusa a hankali, bayansa a miƙe, hannu ɗaya a baya.