Surin Goggo Bongfen

Ruwan fari ya sauka a dutsen Kilum ran Talata, kuma duk wanda ya san Bongfen ya san ran Alhamis ba za a same ta a gida ba. Tana da suri a can cikin kurmi, gadon uwarta, wanda duk shekara yake fitar da naman kaza, tsiron nan mai kamar laima, fari tas, wani har ya kai faifai. Mutanen garinsu, Oku, ba sa nuna wa juna suri. Mijinta ma har ya mutu bai san hanyar ba.

Sai ga Nying, ɗan ƙanenta, ya dawo daga jami'a da takalman roba da jakunkunan takarda, wai yana tattara naman kazan dutse yana rubutawa a littafi. Gemu ya fito, hankali bai biyo ba.

"Goggo, ki kai ni surinki mana. Guda ɗaya tak zan ɗauka."

"Guda ɗaya? Haka ɓera ya ce wa rumbu."

"Aikin ilimi ne fa."

"Ilimin ya ci kansa. Ubanka ma da ya fi ka daɗin baki bai gan shi ba."

Ran Alhamis ta yi sammako, ta bi ta hanyar masu zuma, ta tsallake rafi sau biyu don ɓad da sawu. Ta tarar surin ya yi fari fat. Ta ɗiba yadda uwarta ta koya mata: a murɗe daga wuya, a bar saiwar a ƙasa, a toshe ramin da diddige, don gara ba ta yafe wa wanda ya buɗe mata ɗaki, in kuwa ta tashi, suri ya daina tsiro ke nan. Da kwando ya cika ta gangara rafi yanko ganyen rufi.

Ashe ja'irin yana biye da ita tun daga gida. Ko da ta dawo, ya durƙusa da 'yar fartanya, ya haƙa rami har iya kafaɗa. Ya zaro guda ɗaya da saiwarsa doguwa kamar igiya, ya shimfiɗa a kan takarda yana awo. Ɗakin gara a buɗe, farar saƙarsu a warwatse.

"Nying! Uban me ka yi?"

"Haba Goggo, in babu saiwa ai malamanmu ba za su karɓa ba. Guda ɗaya ne, kamar yadda na ce."

"Da hannun nan na ba ka tuwon masara, marar mutunci! Da na sani na ba kare."

"Kwantar da hankalinki. Har sunanki zan sa a takardar."

"Sunana za a zuba a miya?"

Ta durƙusa tana mayar da ƙasa da hannu bibbiyu, tana dannawa, amma aikin gama ya gama. Gara ta riga ta yi layi, kowace ɗauke da ƙwanta, sun nufi cikin kurmi. Ta tsani yaron nan har cikin ranta.

Shi kuwa ya rubuta lamba, ya rubuta rana da tsayin wurin a kan dutsen, sannan ya ɗaga alƙalami.

"Saura abu ɗaya. Da yarenmu me ake ce wa irin wannan?"

Ta ɗora kwandonta a ka, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Tambayi masu gidan, kafin su gama tashi."